Kalmar da Aka Zagaye da Jan Biro

Tun kafin mutumin ya yi sallama na gane takardar da ke hannunsa. Firintarmu tana da wani aibi, duk takardar da ta fito daga cikinta sai ta ja mata siririn baƙin layi ta gefen hagu, daga sama har ƙasa. Shekara biyu ina cewa zan kai ta Kano a gyara, ban kai ba. To, ranar Alhamis ɗin nan da hantsi ina yanke katin suna, sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Na ɗaga kai na ga wani dogon mutum cikin farin yadi, ba kaki ba, riƙe da takarda, ga layin nan nawa a gefenta. A tsakiyar shafin an zagaye kalma ɗaya da jan biro, an sake zagayewa, har biron ya kusa huda takardar. Can bayansa a gindin darbejiya akwai buɗaɗɗiyar mota, mutum biyu zaune a bayanta da bindigogi a kan cinya.

"Ke ce Saratu?"

"Ni ce, yallaɓai."

"Ke kika buga wannan?"

Na ce ni ce. Babu amfanin musu, sunana yana ƙasan takardar.

"Rufe shagon. Oga yana gayyatarki."

Na kulle shagon da kwaɗo na bi shi.

Yau sati biyar ke nan da faruwar abin. Har yanzu in buɗaɗɗiyar mota ta rage gudu a gaban shago, sai yatsuna su tsaya cak a kan kwamfuta har ta wuce. Amma ina nan a kan kujerata, kuma ina son aikina. Ina rubuta wannan ne saboda ku da kuke zuwa kuna cewa a koya muku kwamfuta wata uku ku je ku buɗe naku shagon. Buga haruffa kam, ko sati uku ya isa. Sai dai ba shi ne aikin ba.

Shagonmu yana kallon kotu. Masu zuwa mana manoma ne da matan aure da 'yan kasuwa daga ƙauyukan da ke kewaye, wasu har daga wajen Tsanyawa. Muna buga takardar cinikin gona, da rantsuwar shekarun haihuwa, da katin biki, da takardar neman aiki, da takardar ƙorafi. Mutum zai zauna a benci ya zayyana damuwarsa da Hausa, ofis kuma ya ce sai da Turanci. Mu ne a tsakani. Dakon ƙwai muke yi daga bakin mai magana zuwa teburin hukuma.

A wurin Malam Garba na koya. Tafinta ne a kotu har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shagon da tsohuwar tafireta da wani ƙamus mai jan bango da ya sha ɗinki. Babana dattijon coci ne, Malam kuwa ladan ne a unguwarsu, amma benci ɗaya suka zauna a firamare. Da na gama sakandare na ci Turanci da kyau, Baba ya riƙo hannuna ya kawo ni. Malam ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "To, Akawu, zauna." Tun daga ranar bai ƙara kirana Saratu ba.

Aikin da ya fara tona mini asiri katin biki ne. Wani abokin ango ya zo da jerin shagulgula, ya ce shi da Turanci yake so, don akwai abokan aikinsu daga birni. Na zo kan Kamu, na yi tunani kaɗan, na buga Arrest of the Bride. Malam ya ɗauki takardar ya karanta, ya yi dariya har hularsa ta faɗi ƙasa.

"Akawu, me amarya ta sata? Wane ne zai zo da ankwa, dangin ango?"

Ya ce in bar Kamu yadda yake, wanda bai sani ba ya tambaya. Da abokin angon ya tafi, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce Bahaushe da kama ɗaya yake yin komai. Ya kama ɓarawo, ya kama kaza, ya kama hanya, ya kama sana'a, in an dame shi ya kama bakinsa. Muna da cafkewa da damƙewa da tsarewa da sacewa, amma wanda ransa ya ɓaci ba ya tsayawa zaɓe, zai shigo ne kawai ya ce an kama wane. Bature kuwa kowane kamu da rigar da yake sa masa, kuma hukuma rigar take kallo. Saboda haka duk wanda ya ce mini an kama wani, kada in taɓa tafireta sai na yi tambaya uku. Wane ne ya kama shi? A ina aka ajiye shi? Mutanensa sun san wurin, suna iya zuwa su gan shi?

Wata mata ta zo a kan mijinta, wanda aka tare a shingen hanya da buhunan takin zamani, aka zaunar da shi daga safe har azahar, sannan aka sallame shi aka riƙe takin. Na riga na buga arrested. Malam ya ce in cire takardar in sa sabuwa. Ya ce arrest sai hukuma ta ce maka kana hannu bisa zargin laifi kaza, ta shigar da sunanka a littafi. Wannan bawan Allah zaunar da shi aka yi aka hana shi tafiya, wato detained. Takin kuma seized, don kaya aka fi yi wa wannan kalmar. Ya ce, "In kika rubuta da hannunki cewa an yi arresting ɗinsa, gobe ya je neman gadi a kamfani, ke kika shafa masa baƙin fenti, ba su ba."

Haka na riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya, kowace da mai ita. Ɓarawon awakin da aka bi da gudu gona uku kafin a cim masa a cikin rogo, shi ne apprehended, don yana gudu aka riske shi. Rannan na sa captured, Malam ya tambaye ni ko yaƙi aka yi a cikin rogon, ko kuwa kura ce. Wani kuma da suka rabu da matarsa ya je makarantar allo ya yaudari ɗansu da alawa ya wuce da shi Zakirai, alhali alƙali ya bar yaron a hannun uwa. Wannan abducted ne, an ɗauke mutum ba da izinin mai iko da shi ba, ko da ba a nemi komai ba. Kidnap kuwa Malam ya ce in ɗauke ta kamar garwashi. Ita ce a ɗauke mutum a ɓoye shi inda nasa ba su sani ba, a yi garkuwa da shi sai an biya fansa. Ya ce duk zamansa a kotu bai fassara ta ya kai sau biyar ba. Yanzu kuwa kullum tana rediyo, har yara in suna wasan ɓuya ita suke faɗa.

Akwai ƙa'idar da ba a ƙetarewa. Duk wanda bai iya karatu ba, sai ka karanta masa abin da ka buga da Hausa, ya ce haka ne, sannan ya dangwala yatsa. A ƙasa kuma ka rubuta sunanka da inda kake, ka ce kai ka rubuta, ka karanta masa, ya gane. Malam yana ajiye tawadar dangwale a aljihunsa, ba ya fito da ita sai ya ji karatun da kunnensa.

Shekarata ta huɗu ita ce mummunar shekara. Taransifomar unguwar ta ƙone aka yi wata tara babu wuta, man janareta ya gagare mu, kwamfutar da muka sha wahala muka saya ta koma abin ado a ƙarƙashin tsumma. A cikin daminar kuma Malam ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka bar ni ni kaɗai da tafireta da takardar kabon. Yatsuna suka yi kanta. Mutane suna leƙowa su ga yarinya a kujerar Malam, su ce za su dawo, su hau mota su tafi wani garin. Kullum da la'asar in na tashi sai in kwashi abin da na buga in kai masa gida. Yana kishingiɗe a tabarma, ya bi layi da yatsan hagu, inda ya ga kuskure ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ba ya faɗin gyaran, sai na nemo da kaina.

A haka muka fita. Wuta ta dawo, ƙwanƙwasar ta ragu, har aka wayi gari in mutum ya tambayi inda ake rubuta ƙorafi sai a ce masa, "Je wurin 'yar Malam." Na ji daɗin sunan nan ƙwarai. Daga nan na fara kai masa takardu sau ɗaya a sati. Daga baya sai gaisuwa kawai nake kai masa.

Inna Kande ranar Litinin ta zo, ranar da kotu ta fi cika. Mutum shida ne a benci, ta ratsa su ta tsaya a kaina tana haki, ƙafafunta butu-butu da ƙasar gona. Ban santa ba, ƙauyensu yana da ɗan nisa da mu.

"'Yar nan, rubuta mini takarda zuwa ga hukuma. Sun kama mini Ɗanjuma."

"Su wa, Inna?"

"Su Idi mana, marasa mutunci! Su uku a kan babura, da gorori da bindiga. Yana tsakar gona yana aiki suka sa shi a tsakiya suka tafi da shi. Wai sun aiko, sai an kai musu jaki za su sake shi. Jakin nan shi ke nan gare mu."

Babura, bindiga, gona, sai an kai abu za a saki mutum. Kunnena ya ji abin da ya saba ji a rediyo. Ban tambayi wane ne Idi ba. Ban tambayi inda aka kai Ɗanjuma ba. Na roƙi na kan benci su yi haƙuri, rai ne a hannun miyagu. Na buga armed men, na buga kidnapped, na buga cewa sun nemi jaki a matsayin ransom. Na fitar da kwafi biyu, ɗaya na caji ofis ɗin garinmu, ɗaya na hedikwata a birni.

Kuma na karanta mata, kada ku ce ban karanta ba. Ga abin da na ce: "Wasu mutum uku ɗauke da makami sun kama ɗana a gona, sun ce sai an ba su jaki za su sake shi."

Ta ce, "Haka ne, wallahi kamar kina wurin." Ta dangwala.

Kun ga inda ramin yake? Na ɗauki kama na kai ta Turanci na sa mata riga mafi nauyi, da na tashi dawo da ita Hausa kuma sai na tuɓe mata rigar na miƙa wa tsohuwa kamarta yadda ta ba ni. Da na ce mata "sun yi garkuwa da ɗana," da ta dakatar da ni tun a nan.

Abin da ban sani ba, sai a caji ofis na ji shi. Lokacin kaka, mai unguwarsu yakan sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa har a gama tsince wake. Dabbar da aka samu a gonar wani, 'yan sintiri su kai ta turke a ƙofar gidan mai unguwa, mai ita ya zo a je a duba ɓarna a sasanta. Jakin Ɗanjuma ya tsinke ya shiga waken maƙwabci. Kafin 'yan sintiri su iso, Ɗanjuma ya kora shi gidan yayarsa ya ɓoye. Idi shi ne shugaban sintirin. Da suka rasa jaki sai suka ɗauko mai jaki, suka zaunar da shi a zauren mai unguwa, suka ce in jaki ya zo ya tafi. Har fura aka dama masa. Kafin magariba yayar ta koro jakin, aka sasanta, Ɗanjuma ya koma gida.

Ita kuwa Inna Kande, da ta bar shagona tasha ta nufa, ta ba wani direba kwafin birni ya kai wa ɗan ƙanwarta mai tuƙa adaidaita a Ungogo, shi kuma ya miƙa a hedikwata. Da ta isa gida ta tarar da ɗanta yana cin tuwo, sai ta tura ɗaya kwafin cikin kwalla ta manta. 'Yan sandan garinmu, waɗanda suka san Idi kamar yunwar cikinsu, ba su taɓa ganin takardar ba. Waɗanda ba su san shi ba, su ne suka gani.

A caji ofis aka karɓi wayata aka nuna mini benci kusa da kantar 'yan sanda. Daga inda nake ina hango mutum uku ta tsakanin ƙarafa, ba riga ba takalmi. Babban cikinsu mai furfura a gemu ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana kallon ƙasa. Shi ne Idi. A waje wata mata da goyo ta rungume kwanon abinci, an hana ta shiga. Inna Kande tana rakuɓe a ƙasa jikin bango, Ɗanjuma a gefenta yana ta juya hula a hannu. Akwai agogo a bango, saman kantar. Dogon da ya ɗauko ni, wanda na ji suna kira Sufeto, ya ce ƙarfe huɗu mota za ta tashi zuwa birni da duk wanda fayil ya hau kansa. Na san abin da wannan yake nufi, don na sha buga wa iyalai takardar neman ganin nasu da aka tafi da su a kan irin wannan zargin. Ba kwana ake ƙirgawa ba.

Sufeto ya sunkuyo ya rage murya. "Ke yarinya ce, kada ki jefa kanki. Dangwalenta ne a kai, kuma kin rubuta kin karanta mata. In abin da ta faɗa kika buga, ke ba ruwanki. Ita za ta amsa."

Na kalli Inna Kande. Bakin zaninta take ta murzawa, leɓenta yana motsi.

Sai bayan azahar aka shigar da mu wurin Oga, wani mai gilashi da ya zo daga birni. Takardata tana gabansa.

"Mama, ke kika ce an yi garkuwa da ɗanki?"

"Garkuwa? Ni? A'a, ranka ya daɗe! Cewa na yi sun kama shi. Ai Idi ɗan ƙawata ne, a bayana ya yi wayo. Haushi ne kawai."

"An karanta miki takardar?"

"Ta karanta, ta ce an kama shi, na ce haka ne."

Ya juyo gare ni. Na ji kaina ina cewa, "Yallaɓai, ita kama ta ce. Ni ma kama na karanta mata. Waccan kalmar ni na zaɓe ta."

Sufeto ya girgiza kai ya kalli silin.

Oga ya cire gilashi ya ajiye. "Kin san mota biyu na taso da su daga Kano? Mun je ceto. Mun tarar da wanda aka sace a kan hanyar gona, yana zaune a kan kuɗin fansar yana kaɗa ƙafa." Wani kurtu a bakin ƙofa ya fashe da dariya, Oga ya harare shi ya haɗiye ta. "Kin san ba hukuma bayanin ƙarya laifi ne? Kin san in na rufe fayil ɗin nan a kansu, sai in buɗe a kanki?"

Na ce na sani.

Ana haka aka yi sallama. Babana ne, labari ya kai masa, ya tallabo Malam Garba, wanda ya ɗauko a bayan mashin. Rabon Malam da fita in ba masallaci ba an fi shekara. Aka ba shi kujera. Ya gabatar da kansa a hankali, kalma tana fita da ƙyar, ya roƙi a nuna masa takardar. Ya bi layi da yatsan hagu har ya iso jan biron, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

"Akawu. Tambaya uku ce. Nawa kika yi?"

"Ɗaya, Malam. Ita ma ban jira amsar ba."

Ya juya ga Oga. "Yallaɓai, ba ƙarya ta shirya ba. Tuntuɓen tafinta ne, na yi irinsa ina saurayi. Ni na koya mata. In tafiya birni ta kama, a sa ni a motar, sai dai ku za ku ɗaga ni."

Oga ya turo mini farar takarda da biro. "Yi tambayoyin naki a gabana, ki sake rubutawa. In ga ko kin iya aikin ko kuwa haɗari ce ke a bakin kotu."

Na durƙusa gaban Inna Kande. Wane ne Idi, Inna? Shugaban sintirin unguwa, mai unguwa ne ya naɗa shi. Ina suka kai Ɗanjuma? Zauren mai unguwa. Kun san yana can, ana iya ganinsa? Ta ce ai ƙofa a buɗe take, ita ce ma ta ƙi shiga don kada ta yi wa mai unguwa rashin kunya. Bindigar fa? Ta ce tsohuwar harbi-ka-ruga ce da Idi yake ratayawa, tun yana saurayi ba ta taɓa jin ƙararta ba.

Na ɗauki biro na rubuta. Na sa detained, daga hantsi zuwa yamma, a zauren mai unguwa, kan rikicin ɓarnar jaki. Na karanta mata da Hausa, wannan karon na ce, "sun tsare shi, sun hana shi tafiya, ba su ɓoye shi ba." Ta ce haka ne. Malam ya laluba aljihu da hannun hagu ya fito da tawadar dangwale. Ashe har yau tana tare da shi.

Oga ya karanta sau biyu. Ya ɗauki wayarsa ya fita.

Nan muka zauna. Aka kira la'asar, Malam ya yi sallarsa a zaune. A waje na ji an tayar da mota, ana ta ba ta wuta. Agogon kantar ba ya ganuwa daga ofishin, sai na riƙa kallon na hannun Baba, har ya gane ya juya shi ciki. Ina jin muryar Oga daga nesa yana "Yes sir, yes sir," ban san ko na alheri ba ne.

Da ya dawo ya ce a fito da mutanen. Suka shigo suna riƙe da rigunansu. Ya nuna Idi da biro.

"Kai, jaki aka ce ka kama. Wa ya ba ka ikon tsare mutum? Wannan ma laifi ne, ko da fura ka ba shi. Gobe kai da mai unguwarku ku zo nan wurin DPO ku yi bayani. Amma birni kam ba za ku ba. Ku tafi."

Ɗaya daga cikinsu ya zube ƙasa yana godiya. Idi ya sa rigarsa a bai-bai, ya zo zai wuce ta gabana. Na miƙe in ba shi haƙuri. Ya tsaya ya dube ni, idonsa ja.

"Ke ce 'yar Malam?"

Na gyaɗa kai.

"To, don Allah, in an sake kawo miki ƙarata, ki rubuta ni da Hausa."

Ya fita. Ina jin matar nan mai goyo ta saki kuka a waje. Inna Kande ta bi shi tana, "Idi, tsaya mana, ɗan nan, tsaya ka ji."

Saura ni. Oga yana tattara takardu yana sa wa a jaka, Sufeto yana tsaye a ƙofa, mota tana ta ruri. Na kasa tashi, na kasa zama. Can dai na ce, "Yallaɓai, ni fa? Wanne ne nawa a ciki? Arrested ko detained?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi, irin kallon Malam sak.

"Me Sufeto ya ce miki da safe?"

"Ya ce kana gayyatata."

"To, invited. Duba ƙamus ɗinki."

"Yallaɓai, wanda aka gayyata ai yana iya tafiya in ya ga dama."

"Tun ɗazu ma. Karɓi wayarki a kanta. Ba fayil a kanki, ba kuma za a buɗe ba." Ya zaro tsohuwar takardar mai jan biro ya miƙo mini. "Wannan kuma ki manna ta inda za ki riƙa ganinta."

Na karɓa da hannu biyu. Baba ya juyo da agogonsa waje ya nuna mini. Ƙarfe huɗu saura minti goma. Malam ya miƙo mini hannun hagu in taimaka masa ya tashi, ya ce, "Akawu, gobe da la'asar ki kawo mini abin da kika buga."